DAGA BEGE ZUWA SOYAYYA: TARIHIN SO CIKIN RAYUWAR HAUSAWA DA RUBUTUNSU

Gabatarwa

Duk wanda ya duba littattafan da aka shirya domin cibiyoyin yaƙi da jahilci a ƙasarmu, tun daga shekarar 1963 da aka kafa ma'aikatar wannan aiki, zai tarar mafi yawansu suna magana ne bisa noman gyaɗa da gero, da awon kaya, da tsabtar ruwan sha, da lissafin bashin ƙungiyoyin manoma. Maganar so kuwa ba a cika samunta a ciki ba. Amma littattafan Hausa da jama'a suka fi fidda kuɗinsu suna saye da kansu, daga shekarun 1980 zuwa na 2000, a Kano da Katsina, har Maraɗi da Damagaram, su ne waɗanda aka laƙaba wa suna littattafan soyayya. Wannan saɓani ya isa a yi nazarinsa. Nufinmu cikin wannan maƙala shi ne mu bi sawun kalmomin so cikin harshe, mu ga inda al'ada ta yarda a furta su da inda ta hana, sa'an nan mu ga ta wace ƙofa suka shiga rubutu. A ƙarshe za mu faɗi abin da muke jin wannan tarihi yana koya wa masu tsara aikin koyar da karatu.

1. Kalmomin kansu

Tushen maganar ƴar gajeriyar kalma ce mai gaɓa ɗaya, watau so. In aikatau ce, ana faɗinta da karin sama. In suna ce, muryar tana faɗowa, kamar yadda ake yi wa ci da sha. Faɗin ma'anarta yana ba wanda ya yi karatu da Faransanci mamaki, domin abin da wancan harshe ya raba tsakanin kalmomi biyu, ɗaya ta bukata ɗaya ta ƙauna, Hausa ta haɗa shi wuri guda. Mutum yakan ce yana son ruwa, yana son tafiya Tawa, yana son uwarsa, duk da kalma ɗaya. Haka kuma daga gare ta aka sami son kai da son zuciya, waɗanda abin zargi ne. Ashe so shi kaɗai bai ɗauke da yabo ko suka, abin da aka jingina shi gare shi ne ke nuna matsayinsa.

Daga so aka gina soyayya, da ɗafa-ƙeya -ayya wadda ke nuna aikin da ke gudana tsakanin ɓangare biyu, kamar yadda ƙi ya haifi ƙiyayya, ja ya haifi jayayya. Saboda haka, bisa ƙirar kalmar, ba a yin soyayya sai da mutum biyu, kowa na mayar wa ɗan'uwansa. In ɗaya ne kaɗai ke yi, Hausawa suna da wani sunan da suka ba abin, cikin karin maganar nan da ke cewa son maso wani ƙoshin wahala.

Ƙauna ta fi so nauyi, kuma ba a cika yi wa abinci ko tufa ita ba. Akwai wata tsohuwar ma'ana da ta ɓuya cikinta, wadda ba ta fitowa sai cikin furuci kamar yanke ƙauna ko fid da ƙauna. Wanda ya yanke ƙauna daga samun ruwan sama, ko daga warkewar majinyaci, tsammani ne ya daina yi. Watau cikin ƙauna akwai sa rai, kuma wanda kake ƙauna shi ne wanda ba ka fid da rai gare shi ba, ko da ya ɓata maka. Bege kuma shi ne son wanda ba ya kusa, son da ke tafe da ambaton suna da marmarin gani. Kewa ta yi kusa da shi, sai dai ita ana yin ta ne ga wanda aka saba da shi sa'an nan aka rabu, alhali ana iya begen wanda ba a taɓa gani ba. Wannan bambanci zai yi mana amfani nan gaba.

Bayan waɗannan na gida, akwai baƙi da suka shigo daga Larabci ta hanyar malamai: sha'awa, da shauƙi, da muhibba. Kowace ta sami gurbinta. Sha'awa ta karkata wajen bukatar ido da jiki, shauƙi wajen motsin zuciya irin na masu zikiri, muhibba kuwa wajen farin jini da kwarjinin da mutum ke da shi a idon jama'a.

2. So da kunya cikin zaman gida

Harshe mai yawan kalmomin so haka, sai a zaci masu shi suna yawan furta su. Ba haka abin yake ba a zaman gargajiya. Ka'idar da ta daɗe tana mulki ita ce, gwargwadon kusancin mutum gare ka, gwargwadon yadda bakinka zai kame game da shi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, wani lokaci ma kakanni ko wata ƴar'uwa ake ba renonsa. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, sai ta ce maigida, ko malam, ko kuwa shi kawai. Suruki da suruka suna kauce wa juna hanya. Baƙon da bai san al'ada ba zai ce babu ƙauna a gidan, nan kuwa kunyar ita ce shaidar ƙaunar. Inda aka saki baki ana raha, kamar tsakanin jika da kaka ko tsakanin taubasai, can ne al'ada ta ga babu abin da za a ɓoye.

Tun da baki ya kame, sai so ya nemi waɗansu hanyoyi. Ta farko ita ce kyauta. Saurayi yana kai toshi, yana aika goro da turare ta hannun ƙanen yarinya ko wata tsohuwa, kuma karɓa ko mayarwa ita ce amsa. Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Maraɗi, ya nuna yadda musayar kyauta ta zama ginshiƙin zaman jama'ar wannan yanki, daga neman aure har zuwa biki tsakanin ƙawaye. Hanya ta biyu ita ce waƙa. A dandali, cikin gaɗa, ƴan mata suna iya ambaton samarin da suke so da waɗanda aka tilasta musu, domin muryar taro ce, ba a kama mutum ɗaya da ita. Haka matan aure suke yi a bakin turmi da dutsen niƙa, inda ake yabon miji ko a yi wa kishiya habaici. Hanya ta uku ita ce fuska, shi ya sa aka ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Kada a ɗauka cewa son da ke tsakanin saurayi da budurwa baƙon abu ne da ya zo da boko ko silima. Muna da shaidar Baba ta Karo, wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. An yi mata auren fari na zumunta ba da son ranta ba, alhali akwai wanda take so, kuma daga baya ta fita ta aure shi. Binciken Barbara Cooper bisa aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, wanda ya fito a 1997, shi ma ya nuna mata ba su zauna hannu rabbana ba cikin sha'anin aurensu. Abin da za a iya cewa shi ne, a tsarin dā auren fari na iyaye ne, domin su ke zaɓe, kuma sau da yawa sai a aure na biyu mace ke samun ta cewa. So yana nan tun fil azal, amma al'ada ba ta ɗauke shi hujjar da ta isa ta ƙulla auren budurwa ba.

3. Ƙofa ta farko: bege

Son da aka fara rubutawa a fili cikin ƙasar Hausa, ba tare da wata kunya ba, shi ne son Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi. Malamanmu sun gaji wannan hanya daga waƙoƙin madahu na Larabci, musamman Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus, da Burda ta Busiri, mutumin Masar, dukansu na ƙarni na 13, waɗanda ake rerawa a zaurukan malamai da daren Mauludi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, cikin jihar Tawa ta yau, yana da shekara wajen 20 ya tsara waƙarsa ta Larabci da aka sani da Daliyya, wadda jigonta shi ne marmarin zuwa Madina. Waƙarsa ta Fulatanci mai suna Ma'ama'are ɗansa Isa ne ya mai da ita Hausa. Ƴarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta bar mana Begore, wadda sunanta kaɗai ya isa shaida. A ƙarni na 20 Aliyu Namangi na Zariya, makaho, ya ci gaba da wannan tafarki cikin Imfiraji, kuma mabiya Ƙadiriyya da Tijaniyya suka faɗaɗa shi har ya game shehunnansu.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne irin kalmomin da waɗannan waƙoƙi suka halatta wa alƙalami. A cikinsu dattijo mai rawani yana faɗin cewa ya kasa barci, hawaye na zuba, zuciyarsa ta tafi wani gari ta bar gangar jikinsa. Da matarsa yake nufi da waɗannan kalamai, da an ce ya zubar da girmansa. Amma da yake wanda ake bege shi ne fiyayyen halitta, kuma yana nesa, ba a gan shi da ido ba, sai furucin ya zama ibada, yawansa ma abin yabo. Ta haka ajami ya tanadi taskar kalmomi da siffofi na zuciya mai ciwo, kuma daga wannan taska ce marubutan soyayya suka ɗiba daga baya, ko sun sani ko ba su sani ba.

4. Ƙofa ta biyu: ƙagaggun labarai na boko

A 1933 Rupert East, shugaban hukumar fassara ta Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da boko. Cikin littattafai biyar da suka fito daga wannan yunƙuri, uku sun fi karkata ga yawon duniya da yaƙi da wayo: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Biyu ne suka taɓa maganarmu, kowanne ta fuskarsa.

Cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, son da ke tuƙa labarin shi ne na uwa ga ɗanta. An sace yaron, uwar ta bar gida ta bi sawunsa, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ta ƙetare Sahara, kuma ba ta daɗe da ganinsa ba ta cika. Ƙauna ce irin wadda muka bayyana a sama, wadda ba ta yanke tsammani. Cikin Jiki Magayi kuwa, wanda John Tafida ya rubuta tare da East, Abubakar da Zainab suna son juna, wani mai dukiya, Malam Shehu, ya shiga tsakani ya aure ta. Sai dai littafin bai tsaya kan soyayyar ba. Da an ɗaura auren sai labari ya koma na ramuwa, Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai lalata ɗan da aka haifa, kuma kowa ya ƙare cikin hasara. Watau a wancan zamani an yarda a rubuta ɓarnar da hana so ke jawowa, amma ba a kai ga barin masoya su yi ta zance a kan takarda ba. Marubutan duka maza ne, masu karatun kuma ƴan makaranta ne da ma'aikata.

Sai a 1980 aka ga canji sosai, sa'ad da kamfanin ɗab'i na NNPC a Zariya ya buga littattafan da suka yi nasara a gasarsa. Biyu daga ciki sunayensu ma sun faɗi jigonsu: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ake lissafa shi ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. A cikinsa yarinya Bafillatana ce ta tsaya kan wanda take so, ko da yake ba ɗan ƙabilarta ba ne, ta yi jayayya da danginta. Muryar da a dā sai cikin taron gaɗa ake jin ta, ga ta yanzu da sunan mace ɗaya a bangon littafi.

5. Zamanin littattafan soyayya

Abubuwa da dama suka haɗu suka buɗe ƙofar gaba ɗaya. Shirin ilmin firamare ga kowa da Nijeriya ta soma a 1976, da azuzuwan manya da jihar Kano ta buɗe daga 1980, sun samar da dubban masu karatun boko, da yawansu mata ne da ke cikin gidajen aure. Finafinan Indiya, waɗanda aka daɗe ana nunawa a gidajen silima, sun saba wa mutane da labarin masoya biyu da iyaye suka raba. Brian Larkin ya yi nazarin wannan dangantaka cikin wata maƙala ta 1997. Sa'an nan karyewar tattalin arziki ta raunana manyan kamfanonin ɗab'i, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu a ƙananan maɗaba'u, suna kai wa ƴan kasuwa. Waɗansunsu suka kafa ƙungiyoyi, kamar Raina Kama a Kano.

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito wajen 1990, yana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa: Sumayya, ƴar masu hali, tana son Muhammad, talaka, aka matsa mata ta auri attajiri, har ta faɗa rijiya. Amma kuskure ne a ɗauka duk abin da aka sa wa wannan suna zancen saurayi da budurwa ne kawai. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Budurwar Zuciya (1987) bisa mai auri-saki, da Wa Zai Auri Jahila? (1990) bisa yarinyar da aka hana karatu, da Alhaki Kuykuyo Ne (1990) bisa matar da miji ya kora da ƴaƴanta bayan ya yi amarya. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta cika littattafanta da mata masu ilmi waɗanda ke neman zaman aure na mutunta juna. Tambayar da ke ƙarƙashin dukansu ɗaya ce: wa ke da ikon zaɓe, kuma mene ne haƙƙin wanda aka aura?

Ba a bar su sun wuce salin-alin ba. Malaman jami'a da na addini sun yi ta muhawara a jaridu cikin shekarun 1990, waɗansu na cewa suna ɓata tarbiyya, kuma Hausarsu da rubutunsu ba su da inganci. A 2007 hukumomin jihar Kano sun ƙone waɗansu daga cikinsu a bainar jama'a. Wani ɓangare na sukar yana da tushe, domin akwai na kwaikwayo da na neman kuɗi da gaggawa. Duk da haka ba a taɓa samun wani rubutun boko da ya shiga ɗakunan mata kamarsu ba.

A ganinmu dalilin yana komawa ga abin da muka faɗa game da kunya. Karatu aiki ne da ake yi shiru, mutum shi kaɗai. Abin da baki ba ya iya faɗa gaban iyaye, takarda tana ɗauke da shi ba tare da an ɗaga murya ko an haɗa ido ba. Wanda bai iya rubutu ba, in zai aika wasiƙa sai ya buɗe cikinsa ga mai rubuta masa, wadda aka aika wa kuma sai ta nemi mai karanta mata, asiri ya zama na mutum huɗu. Iya karatu ya mai da shi na mutum biyu. Ta haka rubutu ya ba so hanyar fita wadda ba ta karya ka'idar kunya ba. Da wayar salula ta zo, labaran suka koma cikinta, ana rubuta su kashi-kashi ana aikawa, amma bukatar ba ta sāke ba.

6. Abin da ya shafe mu a Nijar

Littattafan Kano sun ƙetaro iyaka cikin kayan ƴan kasuwa, kuma abin da ya sauƙaƙa karanta su a nan aikin masana harshe ne. Bayan taron Bamako na 1966, rubutun Hausa na yaƙi da jahilci a Nijar yana ninka wasali domin nuna tsawo, abin da ba a yi a Nijeriya. Taron da aka yi a Yamai a 1980 domin daidaita ƙa'idojin rubutu ya kusanto da ɓangarorin biyu, har ya zama bambancin da ya fi fitowa fili shi ne harafin ƴ da muke rubutawa. Saboda haka wanda ya koyi karatu a wata cibiya ta ƙauyen Tasawa, ko a makarantun gwaji irin wadda aka fara buɗewa a Damagaram a 1973, yana iya ɗaukar littafin da aka buga a Kano ya karanta.

Matsalar da kowane mai wannan aiki ya sani ita ce komawa baya: mutum ya yi watanni yana koyo, ya karɓi takardar shaida, bayan shekara biyu ya manta, domin bai sami abin da zai riƙa karantawa ba. Mun taɓa tambayar mata a wata cibiya abin da ya kawo su. Da farko suka ba da amsar da suka san ana so, watau lissafi da karanta takardar likita. Da zama ya yi nisa, wata ta ce mijinta yana ci-rani a Libiya, kuma ta gaji da ba yaron maƙwabta waya ya karanta mata saƙonsa. Sauran suka yi dariya suna rufe fuska, amma ba wadda ta musa.

Shawararmu uku ce. Ta farko, a sa ƙagaggun labarai bisa aure da zumunci da rabuwa cikin littattafan bayan koyo, kusa da na noma da kiwon lafiya, kuma a koyar da rubuta wasiƙa tun da wuri. Ta biyu, a shirya gasa domin marubutanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Dogon Dutsi, mata da maza, su rubuta da Hausar da suke ji, cikin garuruwan da suka sani, maimakon mu dogara ga abin da ya zo daga kudu kaɗai. Ta uku, a tattara waƙoƙin gaɗa da na daka da na bege daga bakin tsofaffi tun suna raye, domin a nan ne asalin kalmomin yake, kuma masu shirya ƙamus suna bukatarsu.

Tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, za a bukaci masu karatu da yawa fiye da dā, kuma masu ɗorewa. Hausawa sun ce garin masoyi ba ya nisa. In mun sa abin da mutane ke so cikin littafi, za su yi tattaki zuwa gare shi da ƙafarsu. Allah ya sa mu dace.